Ofisoshin da na bi kafin a yarda mu koyar da Turanci da littattafan labari a jami'armu bayan korona

Tun da labari ya bazu cewa a jami'armu ana koyar da Turancin 'yan aji ɗaya da littattafan labari, malamai daga wasu jami'o'in Musulunci suke ta kirana, wai ta ina ake farawa, wa ake kai wa takarda, nawa ake kashewa, kuma malaman addini ba su taka mana birki ba? Amsar ta fi ƙarfin kiran waya gaskiya, shi ya sa nace bari in zauna in rubuta abin bi da bi yadda ya faru, duk mai son bin hanyar ya rage wa kansa yawo. Sunan jami'ar ba zan faɗa ba, mai zaman kanta ce dai ta Musulunci a nan arewa, ni kuma malama ce a sashen Turanci, ina kuma cikin masu koyar da Turancin GST, darussan gama-gari, wato Turancin nan da kowane ɗalibi sai ya yi a shekararsa ta farko ko Shari'a ya zo karantawa ko Kwamfuta ko Larabci.

Abin ya samo asali ne daga kullen korona. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu, jami'o'in gwamnati su dama ASUU ta shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai Disamba, mu kuwa masu zaman kansu iyaye sun biya kuɗi, dole aka ce a koma karatu ta intanet. An fara da Zoom, bai je ko'ina ba, wannan ba data wancan ba sabis wancan kuma wayar ta yayansa ce sai dare yake samu, ƙarshe kowa ya tattara ya koma WhatsApp. Ni dai in tura musu bayanin nahawu shafi shafi, shiru kake ji, in na yi tambaya sai mutum uku huɗu waɗanda dama su ne kullum. Ran nan gajiya ta sa na ɗauki wani gajeren labari na karanta da muryata na tura, na yanke shi daidai inda ya ɗau zafi, nace kowa ya rubuto jimla biyar da Turanci ya faɗi abin da yake zaton zai biyo baya. Wallahi kafin isha'i wayata ta cika. Turancin duk a karye, lokacin fi'ili a hargitse, amma dai sun rubuta, har da waɗanda tun da aka buɗe guruf ɗin ban taɓa ganin ko sallamarsu ba, wasu har gardama suke da juna kan wa ke da laifi a labarin.

Da aka dawo aji ido da ido a farkon 2021 sai ga sababbin ɗalibai, waɗanda suka yi wata da watanni a gida sannan suka rubuta WAEC a watan Agusta na 2020 a gurguje. Mu kuma da yawan ɗalibanmu daga makarantun Larabci suke, da sakamakon NBAIS, hukumar jarabawar makarantun Larabci da addinin Musulunci, suka shigo, akwai mahaddata, akwai wanda zai yi maka i'irabin aya ba gargada, amma ka miƙa masa sakin layi ɗaya na Turanci kace ya karanta a bayyane sai gumi. Na tambaye su littafin labarin da JAMB ke sawa a jarabawar Turanci, waye ya karanta daga farko zuwa ƙarshe, hannuwan da suka tashi ba su taka kara sun karya ba, sauran duk taƙaitawa da tsofaffin tambayoyi suka haddace. A nan na yanke shawara abin da na gwada a WhatsApp ya zama tsari na hukuma, ba wai dabarar malama ɗaya ba wadda in ta tafi hutun haihuwa shikenan ya mutu.

HOD ɗinmu, wato shugaban sashe, na fara samu. Yace to madalla, ki rubuto a kai taron sashe. Na rubuta shafi kusan goma, dalili, manufa, jerin littattafai, yadda za a raba makonnin samista, yadda za a ba da maki. Ka'ida kowane mamba sai an ba shi kwafinsa kafin taro, kuma ba wanda zai biya miki, daga aljihuna na buga na yi fotokwafi aka ɗaure, lokacin shafi naira goma ne. Taron sashe ba kullum ake yi ba, na jira ya zagayo, aka tattauna, masu adabi suka ji daɗi, masu ilimin harshe suka ɗan murtuke fuska suna cewa za a mayar da darasin Turanci hira, amma dai ya wuce. Ina murna sakataren sashe ya kai fayil ofishin Din, shugaban tsangaya, bayan 'yan makonni fayil ya dawo da rubutun jan biro layi biyu, wai wannan ba hurumin tsangaya ba ne, GST yana ƙarƙashin cibiyar darussan gama-gari. Abin da ba wanda ya faɗa min tun farko kenan, kuma shi ne na farko da nake so ku riƙe: malaman sashen Turanci ne ke koyar da kwas ɗin amma ba mallakarsu ba ne, yana da daraktansa da kwamitinsa daban. Amincewar sashe ta yi amfani daga baya a matsayin takardar goyon baya, amma ba ita ce ƙofar shiga ba.

Daraktan GST mutumin kirki ne, sai dai tun kafin ya gama karantawa yace Malama wannan ai sai kin ga DAP, daraktan tsara karatu, don shi ke riƙe da kundin NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa. A ofishin DAP ne na fahimci abin da ya rage min rabin wahala. Ya buɗe min kundin BMAS, na mafi ƙarancin abin da NUC ta ce a koyar, wanda ake aiki da shi a lokacin, ya nuna min GST 111 da GST 122, Turanci na ɗaya da na biyu, kowanne yunit biyu, yace abin da ke rubuce a nan ba ni da ikon cire ko layi ɗaya, ranar da masu tantancewa suka zo shi za su duba. Yace hanya biyu ce. In sabon kwas kike so, da sabon suna da sabuwar lamba, to sai ya bi ta kwamitin manhaja ya je Sanet, majalisar da ke yanke hukunci kan harkokin karatu a jami'a, kuma sai an samo masa gurbin yunit a kowane sashe, wannan ki sa shekara a ranki ko fiye. In kuwa abin da ke cikin kundin za ki koyar, fahimtar rubutu, gina jimla, sakin layi, alamomin rubutu, taƙaitawa, amma ta hanyar littattafan labari, to wannan sauya salon koyarwa ne kawai, kwamitin GST ya isa ya amince a matsayin gwaji, a sanar da Sanet daga baya. Na koma na sake rubuta takardar gaba ɗaya, na yi jadawali mai gida biyu, a hagu abin da NUC ta ce a koyar, a dama shafin littafin da zan koyar da shi da aikin da ɗalibi zai yi. Wannan jadawalin shi ya riƙa buɗe min ƙofa a duk inda na je bayan nan, don shugabanni ba sa karanta shafi goma, amma shafi ɗaya mai layi layi suna dubawa.

Kwamitin GST ya amince da sharaɗi ɗaya, duk littafin da za a sa a hannun ɗalibai sai kwamitin da ke kula da tarbiyya da lamuran addini ya gani. A jami'ar gwamnati ba lallai ku haɗu da wannan ba, amma a irin namu yana nan ko da sunansa ya bambanta, kuma nan ne na fi jin faɗuwar gaba. Na shirya hujjoji na zamani, cewa Malesiya ƙasar Musulmi ce kuma tun 2000 ta sa adabi cikin darasin Turanci na sakandare, cewa babbar jami'ar Musulunci ta can tana da sashen harshe da adabin Turanci sukutum. Wani abokin aiki daga sashen Larabci ya duba takardun ya yi dariya yace Malama kar ki je musu da Malesiya, ki je musu da Hariri mai Maƙama. An ce in kawo kwafi biyu na kowane littafi, su ma ni na saya, a lokacin na asali yana kamawa daga dubu ɗaya da ɗari biyar zuwa dubu biyu da wani abu, sannan aka shiga jira, don mambobin manyan malamai ne masu karatuttuka a gari, ga azumi ya shigo kowa ya tafi tafsiri, sai bayan salla aka sa rana.

Shugaban kwamitin dattijo ne, ya fara da cewa 'yata, mun ga takardarki, amma me zai sa a bar nahawu a koma tatsuniya? Wani matashin Dakta a gefensa ya ɗora da cewa ƙagaggen labari ai ƙarya ce aka jera, kuma yawancinsu soyayya ce da al'adun da ba namu ba. Na bari suka gama, nace Allah ya gafarta Malam, ina neman a ƙarar da ni, lokacin da kuke zaure da wane littafi kuka karanci lugga? Yace Ishiriniya, Burda, sannan Shu'ara da Maƙama. Nace to Allah ya gafarta Malam, Abu Zaidis Saruji na cikin Maƙamatul Hariri, da ya yi ta yaudarar mutane maƙama hamsin, an taɓa yin sa a duniya? Dattijon nan ya yi shiru sannan ya fashe da dariya yace ba a yi shi ba. Nace kuma abin da Imru'ul Ƙaisi na cikin Shu'ara ya faɗa na soyayya a waƙarsa, akwai littafi a jerin nan da ya kai shi? Amma malamanmu ba su jefar ba, saboda sun san harshe ba ya zama a ƙirji da ƙa'ida tsura sai an ji shi a bakin masu shi, Ibn Abbas ma da baitin waƙa yake kafa hujjar ma'anar kalma. Nace ni ba nahawu na zo cirewa ba, yadda kuka koyi Larabci nake so yaran nan su koyi Turanci. Yace toh 'yata kin kama mu, amma littafi littafi za mu bi.

Haka kuwa aka yi. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, fassarar Turanci da Mervyn Hiskett ya yi a 1967, ya wuce ba tambaya. Waƙoƙin Nana Asma'u da Jean Boyd da Beverly Mack suka fassara suka fitar a 1997, su ma haka, har ana cewa a ƙara. The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi ya wuce da nasihar a nuna wa yara ramuwar gayya ba abin koyi ba ce, wanda dama littafin kansa abin da ya nuna kenan. Inda aka kai ruwa rana shi ne So Long a Letter na Mariama Bâ, Daktan nan yace littafin sukar auren mace fiye da ɗaya ne. Nace marubuciyar Musulma ce 'yar Senegal, matar da ke ba da labarin, Ramatoulaye, tana cikin takaba ne take rubuta wa ƙawarta Aissatou wasiƙa, abin da take kuka da shi miji ne da ya yi sabon aure ya watsar da ita da 'ya'ya goma sha biyu, wannan kuwa ko a kotun shari'a zalunci ne sunansa. Aka amince amma da zaɓaɓɓun babi. Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, wanda ya ci kyautar adabi ta NLNG a 2016, shi kam ba a ko daɗe a kansa ba aka ce a'a, saboda alaƙar da ke tsakanin wata bazawara da wani saurayi a cikin labarin. Ban ja ba. Ga yaran da suka fito sakandare jiya, a kwas na dole da ba su suka zaɓa ba, ina ganin suna da gaskiya, da a ce 'yan aji huɗu na sashen Turanci ne da na tsaya na yi gardama. Sun kuma sa sharaɗin ba wasan kwaikwayo tsakanin maza da mata, kar a wayi gari wani ya fito a mijin wata a gaban aji. Kafin in fita na roƙi a ba ni hukuncin a rubuce da sa hannun shugaba, sakataren yace ai an riga an faɗa miki, nace duk da haka. Sai da na yi ta sintiri kafin takardar ta fito, amma ta yi min rana daga baya.

Daga nan sai laburare da maganar samun littattafan. Jami'armu ta hana malami sayar da handaut ko littafi ga ɗalibai, kuma daidai ne, don haka ko kusa kar kuɗin ɗalibi ya bi ta hannunki, masu neman abin faɗa suna nan. Shugabar laburare ta zaunar da ni kan haƙƙin mallaka, tace ba za ta yarda a kwafe littafi sukutum a raba wa ɗaruruwan yara ba, akwai ƙungiyar REPRONIG da ke ba da lasisin irin wannan kwafar kuma wannan maganar hukumar jami'a ce ba tawa ba. Abin da muka daidaita a kai, laburare zai sayi wasu kwafi ya ajiye a ɓangaren da ba a fita da littafi, kantin littattafan jami'a ya kawo biyu masu sauƙin samu ɗalibi ya saya da kansa, sauran kuma gajerun yanki ne da za a karanta a aji. Sayen laburare sai ya bi ta ofishin basa, wato ma'ajin jami'a, da masu sayayya, ba a samista ɗin aka kawo ba sai na gaba. Fassarar Shaihu Umar ta yi wuyar samu a kasuwa sosai, na Hausan ne ko'ina, da kwafina da na wani Farfesa muka lallaɓa. Yara kuma kun san su, kafin sati biyu na jabu mai arha da PDF sun zagaye aji, ni dai ban tura ba ban kuma ce a tura ba.

Wurin da ban zata zai zama matsala ba shi ne cibiyar kwamfuta. Jarabawar GST a kwamfuta ake yi, zaɓi ɗaya cikin huɗu, maki 70, CA kuma, wato makin ayyukan cikin samista, 30. Ina koyar da rubutu amma jarabawa ba ta da wurin rubuta ko jimla ɗaya. Na nemi a mayar da ita ta takarda, jami'in jarabawa yace Malama wa zai yi makin takardun yara sama da ɗari biyar a sati biyu, ke? Gaskiyarsa. Sai muka raba makin CA gida uku, goma na littafin da ɗalibi ke rubuta abin da ya karanta duk mako, goma na rubutu a cikin aji, goma na karatu da bayani da baki. Tambayoyin kwamfuta kuma na ciro su daga yankunan labaran, a ba ka sakin layi a tambaye ka lokacin fi'ili ko ma'anar kalma a wurin ko wa wannan lamirin yake nufi. Ku tambayi masu kwamfuta tun wuri tsarin da suke karɓar tambaya, namu a Excel suke so kuma dogon sakin layi ba ya fita daidai a allon, sai da na yi ta datsewa ana saura kwana kaɗan jarabawa.

Sai maganar masu taimako. Ba a karatun labari da mutum ɗari biyar a ɗaki ɗaya da lasifika mai ƙara, dole a kasa su rukuni rukuni, kamar arba'in arba'in. Darakta ya rubuta wa mataimakin shugaban jami'a mai kula da karatu, aka ba mu ƙananan malamai da 'yan bautar ƙasa da suka karanta Turanci. Kwamitin jadawali ya ba mu lokutan da kowa ya ƙi, bayan la'asar da safiyar Asabar. Alawus ɗin masu taimakon an amince da shi a baki, amma da takarda ta je ofishin basa aka ce babu shi a kasafin shekarar, sai da samista ya ƙare aka biya su wani abu, kafin nan ni ke sa musu kati da ɗan kuɗin mota don kar su gudu, biyu ma sun gudun.

Ajin kansa shi ne ya biya ni wahalar. Yadda muke yi, kafin a buɗe littafi sai a yi hira kan abin da yankin ya ƙunsa, sannan mai koyarwa ya karanta a bayyane, sannan ɗalibai su karɓa layi layi, maza a ɓangarensu mata a nasu. Bayan nan a koma kan yankin a tsince fi'ilai, a ga me ya sa marubuci ya tsaya a nan ya sa waƙafi a can, sai a rufe da rubutu, misali ka zama mahaifiyar Umar ka rubuta wasiƙa kana neman ɗanka, ko ki zama Aissatou ki ba Ramatoulaye amsa. Nahawun da na shekara ina rubutawa a allo ba ya zama, a nan sai ga shi yana zama, don yaro yana da abin da yake son faɗa kuma yana jin haushi in Turancin ya ƙi ba shi hanya. Masu jin Hausa sun riga sun san Shaihu Umar ko sun ji labarinsa, wannan ya cire musu tsoro, amma dole na riƙa lura kar aji ya koma Hausa zalla, don akwai Yarbawa da Nufawa da Barebari. Ɗalibanmu 'yan Nijar, na Maraɗi da Damagaram, da kullum suke ɓuya a baya saboda Turanci, da aka zo littafin Mariama Bâ sai ga wasunsu sun karanta shi da Faransanci tun a sakandare, ranar su ne malamai. Maimakon wasan kwaikwayon da aka hana sai kowane rukuni ya naɗi karatu da murya kamar shirin rediyo ya turo ta WhatsApp, abin da korona ta koya mana kenan, kuma 'yan matan da ba sa iya ɗaga murya a aji a nan aka ji su. Ba zan ce kowa ya gyaru ba, akwai waɗanda har aka gama ba su buɗe littafin ba, kuma sakamakon jarabawar kwamfuta bai wani bambanta da na da ba, bambancin a rubutun hannu yake, in ka ɗora na makon farko kusa da na makon ƙarshe.

Muna shirin kai rahoton gwaji Sanet sai NUC ta fito da sabon kundin manhaja mai suna CCMAS a Disamban 2022, kashi 70 na manhaja daga wurinta, kashi 30 kowace jami'a ta tsara nata. Jikina ya yi sanyi don jadawalina duk a kan tsohon kundi yake. Na koma wurin DAP, yace kwantar da hankalinki, duba nan. A sabon kundin GST 111 yunit biyu ne, awa 15 na lakca, awa 45 na aiki a aikace, yace awa 45 ɗin nan da me sauran malamai za su cike ta in ba irin abin da kike yi ba? Ta nan mun samu. Ta ɗaya ɓangaren kuma mun yi asara, don Turanci na biyu ya fita daga jerin na dole, in ana so sai dai a sa shi cikin kashi 30. Na cike fom ɗin sabon kwas yadda NUC ta tsara, dacewarsa da manufar jami'a, manufofi, abin da ɗalibi zai iya in ya gama, abin da ke ciki, kayan aikin da ake buƙata. Amma kashi 30 ɗin na kowane sashe ne, kuma kowane HOD yana da kwasa-kwasansa da yake son cusawa, sai na koma bin su ofis ofis kamar mai tallan goro. Shari'a da aikin jarida da nazarin addinin Musulunci suka karɓa, 'yan kimiyya suka ce ba su da gurbi. Duk wannan a farkon 2023 ne lokacin canjin kuɗi, mai fotokwafi ba ya karɓar tiransifa ni kuma ba tsabar kuɗi, bayan cire tallafin mai a watan Mayu kuma shafin da nake yi naira goma ya ninka ya sake ninkawa.

Sanet ni ba mamba ba ce, farfesoshi ne da su Din da HOD da daraktoci, don haka daraktan GST ne ya shiga da takardar ni ina ofis ina duba waya. Zaman farko ba a kai kanta ba, lokaci ya ƙare aka ɗage. A zama na gaba wani ya miƙe yace an tabbatar littattafan nan sun dace da tarbiyyar jami'ar Musulunci kuwa? Darakta ya zaro takardar kwamitin tarbiyya mai sa hannun dattijon nan ya miƙa, magana ta mutu a nan. Bayan an amince kar ku tsaya kan an ce an ce, ku je wurin sakataren harkokin karatu a ofishin rijistara ku karɓi yankin hukuncin Sanet a rubuce, da shi kwamitin jadawali da basa da laburare suke aiki, in babu shi kowa cewa zai yi bai sani ba.

In da mai shirin farawa, ga abin da zan ce. Ku fara da DAP kafin ku rubuta komai, ku tambaye shi kwas ɗin na waye kuma wane kundi ake bi, sannan ku nemi gwaji a cikin kwas da ke akwai kafin ku nemi sabo. Ku sami mutum ɗaya a sashen Larabci ko addini ya karanta jerin littattafanku kafin kwamiti ya gani, kuma ku karanta kowane littafi da kanku shafi shafi kuna sa alama a duk wurin da za a iya tambaya, gara ku ku nuna musu wurin da su gano shi. Jerin ya zama gajere, littafi biyu da 'yan waƙoƙi sun ishi samista, mu mun fara da yawa muka rage. Duk abin da za a ba maki mai nauyi a rubuta shi a aji a gabanku, don tun da ChatGPT ya shigo hannun yara aikin gida ya zama Turancin da ko ni ban iya ba, kuma ku adana rubutun makon farko da na ƙarshe na kowane rukuni a fayil, shi za ku nuna wa Sanet da masu tantancewa. Maganar alawus ɗin masu taimako kuma ku tambayi basa watan da ake haɗa kasafin shekara ku kai takardarku kafin nan, da sunan cibiyar GST ba da sunanku ba, namu sai a kasafin da ya biyo bayan amincewar Sanet ya samu layinsa, shi ma na rukuni takwas aka sa alhali muna da goma sha biyu.